Cinikin Biri A Sama

Maganarmu ta wannan mako a kan zaƙin bakin masu tallan kwamfuta da wayar hannu ce, waɗanda su ke ɗaukar ƙaramin aiki su naɗa masa ƙaton rawani har mutum ya kasa shaida shi.

Ayyukan da mu ke yi kullum da kwamfuta ba su da yawa, sunayensu kuma ba su da wuya: ki yanke rubutu, ki kwafa, ki manna, ki adana. Wani Ba'amurke wai shi Larry Tesler, da abokan aikinsa a kamfanin Xerox can Kalifoniya, su ne suka shigar da yankewa da kwafa da mannawa cikin kwamfuta a shekarun 1970. Kalmomin kuwa aro su suka yi daga masu shirya littattafai, waɗanda su ke yanke takarda da almakashi su manna ta a wani shafi. Shi ya sa 'yar aji huɗu ta kan koye su a zama ɗaya. Mutumin ya rasu a 1 ga shekarun nan namu, watau 2020, amma har yau in kin danna Ctrl da C kin kwafa, Ctrl da V kin manna.

To, su 'yan kasuwa sun lura sauƙin suna ba ya kawo ciniki. Sai adanawa ta koma "hawa gajimare", sayen sabuwa ya koma "ɗaga daraja", biyan haya kuma ya koma "zama mamba". Kwanan baya na raka ɗiyar ƙanwata sayen kwamfuta saboda makaranta. Mai kanti ya ce wannan mai basira ce, tana da cikakkiyar mafita ta zamani. Na ce, "Malam, in ta rubuta aikin gida, ina ya ke zama?" Ya ce a gajimare. Na ce, "Gajimaren wa?" Sai ya shiga kame-kame, ya koma yabon launinta.

Ga abin da ya ƙi faɗa. Gajimaren nan sunan talla ne kawai. Abin da a ke nufi shi ne manyan gine-gine cike da kwamfutoci na wani kamfani, irin waɗanda ke jihar Bajiniya ta Amurka da ƙasar Ayalan. In kin adana a can, kin ba wani ajiya ne, kamar yadda a kan kai hatsi rumbun maƙwabci. Ba laifi ba ne, har yana da amfani, domin ko wayarki ta faɗa rijiya hotunanki suna nan. Amma ajiya tana da sharaɗi, sharaɗin kuwa mai rumbu ke yanka shi, shi ke sake shi ran da ya ga dama.

Ku duba misali. Kamfanin Apple ya buɗe nasa a 2011, ya ba kowa wurin gigabait 5 kyauta. Google yana ba da gigabait 15, wasiƙu da takardu da hotuna duk a ciki. In ya cika, sai ki share wasu ko ki riƙa biya wata-wata. Da can Google ya kan karɓi hotuna ba iyaka ba ko kwabo, amma ran 1 ga Yuni 2021 ya tsai da wannan. Tun Disamba 2023 kuma ya ce yana iya share asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wadda ta zuba hotunan bikinta da na sunan 'ya'yanta a can, ta manta da su, tana iya komawa ta tarar wayam.

Mu mata ba baƙin talla ba ne. Mun san mai kwano ta kan yabi kwanonta, mu kuwa sai mun juya shi mun ƙwanƙwasa kafin mu biya. Don me za mu bar wannan hali saboda an yi mana Turanci? Duk sa'ad da aka kawo miki babbar kalma, ki mai da ita ƙaramar Hausa, ki yi tambaya uku. Wane aiki ya ke yi: kwafa ne, ko adanawa, ko aikawa? Kayana a hannun wa za su zauna? Nawa zan biya bana, nawa baɗi? Wanda ya kasa amsawa, cinikin biri a sama ya ke so ki yi.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe sunayen nan na asali, don su ne ba su canzawa. Duk takarda ko hoton da ba ki so ki rasa, ki ajiye shi wuri biyu: ɗaya a can, ɗaya a katin memori cikin akwatinki. Ku koya wa iyayenku mata haka nan. Sai mako mai zuwa.