Numfashin Kwamfuta a Unguwar Birni

A watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a Damagaram, kwamfutar wata ɗalibar nazarin harshe ta Jami'ar André Salifou ta fara mutuwa da kanta duk bayan azahar. A cikinta akwai muryoyin tsofaffin matan unguwar Birni da ta yi wata biyar tana naɗa: tatsuniyoyi, da kirarin sarauta, da kalmomin Barebari da suka daɗe da narkewa cikin Hausar garin. Biyu daga cikin tsofaffin sun rasu a wannan tsakani. Idan faifan ajiya ya lalace, ba inda za a sake jin muryarsu.

Dabarar da ta fara zo mata ita ce ta kowa. Ta cire murfin gefen akwatin, ta juyo fankar ɗaki tana hura cikinsa. An sami sauƙi na kwana biyu, sannan ciwo ya dawo. Wani mai gyara a Zango ya bayyana mata cewa ƙwaƙwalwar na'urar kan rage gudu idan zafinta ya doshi digiri 90 zuwa 100, idan abin ya faskara kuma ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ya nuna mata ƙarfen nan mai haƙora kamar mataji da ke tsotse zafi daga kanta, ƙurar hunturu ta toshe shi kamar an lika auduga. Ya kakkaɓe, ya sabunta man da ke tsakaninsu. Duk da haka zafin bai sauka yadda ake so ba.

Kawunta, tsohon magini, shi ya ga abin da ya rage. Ya tarar da akwatin a manne da bango, a ƙasa, cikin ɗaki mai rufin kwano. Ya ce, "Ke ɗiyata, wannan abu naki ta ina yake numfashi?" Ta ce, "Kawu, ai ga fanka nan." Ya ce, "Fanka tana juya iska ne kawai. Zo ki gani."

Ya kai ta tsohon soron gidan, ya dafa bangon tubali mai kauri wanda zafin rana ke ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa. Ya nuna mata ƙofa a ƙasa, da ƴar taga can sama kusa da azara. Iska mai sanyi nauyi gare ta, ta ƙasa take shigowa. Idan ta ɗumama sai ta tashi ta nemi kafa. Magini ba ya ƙirƙirar sanyi, hanya yake shata wa zafi ya fita.

A kan wannan ƙa'ida ake ƙera akwatin kwamfuta. Fankar gaba tana janyo iska ta ƙasa, iskar ta ratsa faifan ajiya da ƙarfen tsotsar zafi, fankar baya ta fitar da ita ta sama. Cire murfin gefe yana warware wannan hanya, ya kuma buɗe wa ƙura ƙofa. Ɗalibar ta mayar da murfin, ta ɗaure wayoyin da suka tare hanya, ta sa fanka mai faɗin milimita 120 a gaba da raga mai tace ƙura. Ta bar iskar shiga ta ɗan rinjayi ta fita, don kada ƙura ta kutso ta ramuka. Tun da fanka ba ta iya sanyaya abu fiye da iskar ɗakin da take ciki, sai ta mayar da na'urar soro, bisa tebur, taƙi biyu daga bango. A daren ta kwafe muryoyin a wurare biyu dabam.

Ta daɗe tana cikin masu kukan cewa Hausa ba ta da kalmomin fasaha, tana jiran ƙamus ya kawo su. Sai ga shi kawunta ya bayyana mata aikin duka da mashiga, da mafita, da kafa, da numfashi, bai ari kalma ko ɗaya ba. Da ta kammala rubuta tatsuniyoyin a farkon damina, ta koma soron da na'urar naɗar murya, ta zaunar da shi, ta ce, "Kawu, fara mini daga sunayen sassan ɗaki."