Kangon Filinmu Na Ɗan Isa

A gidanmu na Ɗan Isa, cikin ƙasar Ƙaura Namoda, akwai wani fili a bayan ɗakunan kwana. Ba mu ce "bayan gida" ba, don mun san halin 'yan makaranta, yanzu sai aji ya kaure da dariya. Tsawonsa taku 50 ne, faɗinsa taku 24. A zamanin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, nan a ke ɗaure doki da jakuna biyu. Da ya rasu aka sayar da dabbobin, wurin ya zama kango, ba mai shiga sai kaji da ƙadangaru, ba abin da ke tsira sai ƙaya da tumfafiya.

Mun yi shekaru ba mu kula da shi ba, gama gonarmu ta daji tana ba mu hatsi da kayan miya. Amma tun wajen 2011, sa'ad da fitinar ɓarayin daji ta taso a ƙasar Zamfara, har ta tsananta wajen Zurmi da Shinkafi, mutane da yawa suka rasa halin zuwa gonakinsu na nesa. Mu ma akwai daminar da ba mu sa ƙafa cikin tamu ba. Kuɓewar da a da mu ke ba maƙwabta kyauta, sai ga mu muna aiken yaro kasuwa ya sayo ta da tsada. A nan ne muka waiwayi kangon nan.

To, da ya ke mun yi makarantar horon malamai, an koya mana zanen taswira, sai muka ɗauko takarda da fensir da rula, muka zana filin cikin dare ɗaya. Muka raba shi gida huɗu daidai wa daida, hanya miƙe a tsakiya, furanni a gefenta, darbejiya shida a jere jikin katanga, kamar yadda a ke gani a harabar makarantu. Da gari ya waye muka kai wa Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, muna jiran yabo.

Ta juya takarda sama da ƙasa, ta ce, "Malam, zane ya yi kyau. Amma ta ina ruwa zai fita?"

Muka ce, "Wane ruwa, Gwaggo?"

Ta ce, "Ruwan indararo ukun da ke zuba a nan. Sa'an nan ina zan shanya barkono? Ina turken akuyata? In itatuwan nan shida suka girma, wa zai roƙi saiwarsu ta ƙyale katanga?"

Ba mu da amsa ko ɗaya, amma kunya ta hana mu yage takardar. Muka bi zanenmu, muka shuka, muka dasa. Cikin watan Agusta hadari ya taso daga gabas, aka kwana ana ruwa. Duk abin da rufin ɗakuna ya tara ya gangara kusurwar kudu maso yamma, ya kwanta a can kwana da kwanaki. Gwandar da muka dasa ta ruɓe. Gindin katanga ya jiƙe har wani sashe ya zube, awakin unguwa suka shigo ta wurin suka cinye abin da ruwa ya rage. Sauro ya sami gida, gama kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwansa ya zama sauro mai cizo, autarmu ta kwanta da zazzaɓi. Gyaran katanga da kuɗin magani suka lashe rabin albashin wata. Gwaggo ba ta ce kome ba, shirun nata kuwa ya fi faɗa ciwo.

Kun san hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta iso Ƙaura Namoda a 1929. Masu aikinta ba su fara da shimfiɗa ƙarfe ba. Sai da suka auna ƙasa, suka san tudu da gangare, suka san inda kowane rafi ke bi, kana suka san inda za su sa gada. Mu kuwa da filin taku 50 muka ga mun fi ƙarfin awo!

Saboda haka muka ajiye fensir, muka zuba wa filin ido shekara guda cur. In ana ruwa sai mu yafa buhu mu fita, mu bi ruwa mu ga inda ya nufa, mu kafa tsinke. Da hunturu muka lura iska daga arewa maso gabas ta ke busowa. Da bazara muka riƙa duba inda inuwar ɗakuna ke faɗi da hantsi, da inda ta ke komawa da la'asar. Muka kuma lura da sawun matan gida, watau inda su ke daka, da inda su ke wanki, da inda su ke zubar da toka. Ashe filin yana da taswirarsa tun da can, mu ne ba mu iya karanta ta ba.

Zane na biyu a ƙasa muka yi shi, da sanda, Gwaggo tana zaune bisa turmi tana gyara mana. Muka fara da ruwa. Muka haƙa 'yar hanya daga ƙarƙashin indararo, muka jera mata duwatsu, ta kewaya ta wurin shuka, abin da ya saura ya fice ta rariyar da muka huda a kusurwar nan da ta cuce mu.

Na biyu, abin da ba shi ɗaguwa in an kafa shi. Tsohuwar rijiyarmu tana gabas, wajen tudu. Malaman tsabta suna horo a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da salga, watau kamar taku 40 na babban mutum, salga kuma ta kasance ta wajen gangare, don kada ƙazanta ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwan sha. Muka kai sabuwar salga can arewa maso yamma, muka ɗaga bakinta da daɓe yadda ruwan sama ba zai faɗa ciki ba.

Na uku, itatuwa, a nan fa aka yi gardama. Mu gawo muka so, domin shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne. Gwaggo ta ce gawo na gona ne, ba shi da saurin girma, ita inuwar daka ta ke bukata. Darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro, asalinta daga Indiya ne, a 1928 aka fara dasa ta a ƙasar Barno. Tana jure fari, tana da inuwa har cikin bazara, amma shuka ba ta jin daɗi a ƙarƙashinta. Muka tuge shidan nan, muka dasa guda ɗaya tak wajen yamma, taku 10 daga katanga. Yara suka dage sai mangwaro. Muka sayo mai aure, wanda kan fara 'ya'ya cikin shekara uku ko huɗu, muka ba shi wuri inda rarar ruwan rijiya ke malala.

Sauran aiki mai sauƙi ne, gama abin da a ke iya sakewa kowace shekara ne. Lalle da zogale a jere ta arewa, su rage iskar hunturu. Gwanda kusa da ɗakuna bisa ɗan tudu, don ba ta son kwancen ruwa, iskar hadari kuwa karya ta ta kan yi. Garkar kuɓewa da yakuwa da rama da alayyafo a tsakiya inda rana ke samu, da danga ta kara. Turken akuya kusa da ramin taki. Muka bar wa Gwaggo fili taku 6 a daɓe don shanya. Furanni kuwa, kabewa ta hau danga ta yi mana nata.

Ranar dashen mangwaro Gwaggo ta karɓi dashen da hannunta, ta barbaɗa toka a rami saboda gara, ta ce, "Malam, wataƙila ba ni cikin masu shan wannan. Amma tsamiyar da ke ƙofar gida, ai ban san wanda ya shuka ta ba, ga shi kullum ina dama kunu da ita." Yau damina biyu ke nan ba mu sayi ganyen miya ba, katanga tana tsaye, mangwaro ya kai kafaɗar autarmu.

To, 'yan makaranta, ga aikin hutu. Kowa ya auna filin gidansu da taku. In an yi ruwa ya fita ya ga inda ya ke kwanciya. Ya ƙidaya taku nawa ne tsakanin rijiyarsu da salga. Sa'an nan ya tambayi tsohuwar gidansu abin da ta ke bukata, kafin ya taɓa fensir. Wanda ya yi haka ya kawo wa malaminsa zanen su duba tare. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin.