Urafan: mai nutso a ƙasar da ba kogi

Matafiyin da ya baro Tasawa ya fuskanci arewa, da zarar ya rabu da babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, ba abin da zai tarbe shi sai jigawa, gonakin hatsi da wake, da itatuwan gawo jefi-jefi, har ya kai Urafan. Yamma da nan ƙasar Mayahi ce, inda Gulbin Kaba ya ratsa, gulbin da sunansa ya fi ruwansa yawa.

A wannan yanki bakin rijiya shi ne fada. Ruwa na da nisa: rijiyoyi da dama sun haura mita 40, sai an ɗaura igiya ga sa ko raƙumi kafin wasaki ya fito. Masu siminti daga cikinsu galibi ƙirar OFEDES ce, ma'aikatar da aka kafa a 1963. In rairayi ya cike gindin rijiya, ko guga ya tsinke, sai a nemo mai nutso. A zura shi da igiya, ya riƙe numfashi, ya nutse, ya yi ta ciko laka ana ja.

To, ɗan kasuwar da ke yawon kayan gwanjo yana iya cin karo da wani agogo mai kauri da masu nutso a teku ke ɗaurawa, ya yi zaton ya samo wa ƴan yasar rijiya tsira. Ƴar kwamfuta ce. Orca Edge, wadda ta fito Amurka a 1983, tana cikin na farko. Aikinta auna zurfi da lokaci. Duk mita 10 na ruwa na ƙara wa jiki dannin da ya kai na iskar duniya, kuma mai shaƙa daga tulun iska a can ƙasa, iskar nitirojin na narkewa cikin jininsa. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar lemun kwalba da aka buɗe, ta jawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki ko mutuwa. Agogon ke tsare shi kada ya wuce kimanin mita 10 cikin minti guda.

Na hannu yana da hatsarinsa. Batir kan mutu, robar da ke hana ruwa shiga kan bushe, ma'aunin zurfin kan kauce, fuskar agogon kuwa tana ta nuna lambobi kamar lafiya lau. Ba a gane gaskiyarsa sai an zura shi ruwa tare da igiyar da aka auna.

Ko da ya fito garau, a Urafan kusan ado ne. Zurfin rijiya akasari sarari ne, ruwan ƴan mitoci ne kawai, mai nutson kuma ba tulu gare shi ba. Abin da ke kashe shi dabam: ruɓaɓɓiyar igiya, zaftarewar bango, da gurɓatacciyar iska. Tsofaffin magina kan zura fitila a kunne. In ta mutu, ba mai sauka. Sai dai hayaƙin injin jan ruwa, in aka tada shi cikin rami ko dab da bakinsa, yana kashe mutum fitila na ci. Wannan sai na'urar gano guba cikin iska, wadda ya kamata kwamitocin rijiyoyi da ma'aikatan ruwa su sa cikin kasafinsu. Ita ma ma'auninta kan ƙare bayan kamar shekara 2, don haka sai mai saye ya duba ranar da aka ƙera ta kafin ya biya.