Zanen Gado da Kusoshi

Kafin a hana acaɓa a Kano a 2013, da ita ƙanena yake ci da iyalinsa. Wata ranar Laraba babbar mota ta matse shi da babur ɗinsa a jikin katanga. Da na isa asibiti ban ga jini a jikinsa ba, amma leɓensa ya yi fari fat, ƙafafunsa sun baje waje kamar ba nasa ba.

Wata nas ta warware zanen gado, ta zagaya shi daidai kan kwatangwalonsa, ita da wata suka ja suka ɗaure tamau. Na ce, "Baiwar Allah, zane ne maganin?" Ta ce, "Yaya, jinin a ciki yake zuba. In muka matse ƙugun, sai ya rage." Leda uku ta jini aka ƙara masa a daren.

Inna ta dage a kai shi wurin maɗori. Likitan ƙashi a asibitin Dala bai yi mata musu ba. Ya nemi awarwaron hannuna, ya ɗaga. "Hajiya, ƙashin ƙugu haka yake, zagaye. Da wuya ya ɓalle wuri ɗaya. Na ɗanki ya buɗe ta gaba a mara, ya kuma saki ta baya inda ya haɗu da ƙashin gadon baya. A ina maɗori zai ɗaura kara?" Inna ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Bayan tiyata na ga hoton. Ta gaba ɗan falle na ƙarfe da kusoshi ya haɗe bakin ƙasusuwan biyu. Ta baya kusa ɗaya ce doguwa kwance, an zura ta ta ƙaramin yanka ana kallon na'urar hoto, don jijiyoyin ƙafa dab da wurin suke bi.

Wata uku bai taka ƙasa da nauyinsa ba. Mu ne juya shi kada ya yi gyambon kwanciya, mu ne zubar da ledar fitsari. Ranar da ya miƙe da sanduna, taku huɗu ya yi, gumi sharkaf.

Yanzu tireda gare shi. In hunturu ya shigo yakan dafa ƙugu ya ce ƙarfensa na gaishe shi. Inna kuwa har gobe in ta ga awarwaron nan a hannuna sai ta shafa shi.