Kiɗan da maƙwabta ba su ji

A Damagaram ba a san kiɗa da raɗa ba. Kakaki da algaitar da ake busa wa Sarki a ƙofar fada an yi su ne don duk Birni ya ji, kuma kowa ya san gidajen da suka gaji sana'ar. Wanda bai gada ba, in aka ji shi yana kiɗa, sai a fara tambayar lafiyarsa. To, ina ga malamin lakwal, ɗan liman, wanda katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da zauren almajiran mahaifinsa?

Wannan shi ne halin wani mutumin Birni. Tun yana ɗalibi a Yamai ya koyi gita, ya dawo gida da tsohon ampili mai wat 50, irin mai ƙwayayen gilashi da ke yin ja in sun ɗauki zafi. Muryar irin wannan ampili ba ta daɗi sai an buɗe shi sosai, in kuwa an buɗe, har bakin titi sai an ji. Don haka ya shekara goma a ƙarƙashin gado.

Dabarar da ta fara zo masa ita ce mai zo wa kowa: a cire wayar lasifika, a sa kaske irin na kunne a gurbinta. Allah ya sa ya biya wurin wani mai gyaran radiyo kusa da kasuwar Dole. Da mai gyara ya ji bayani, sai ya ce: "Mushe, in ka yi haka, asara biyu za ka yi a dare ɗaya."

Gaskiyarsa kuwa. Ampili mai ƙwayaye yana da taransifo a ƙarshensa, wanda aka naɗa don ya sauke ƙarfinsa a kan lasifika mai om 4, 8 ko 16. In aka raba shi da ita yana cikin aiki, ƙarfin ya rasa masauki, sai ya juyo ya huda rufin wayoyin taransifon, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi tsada a akwatin, ga shi samun irinsa a Zinder sai an wahala. Shi kuma kaske ko wat ɗaya ba ya bukata. Wat 50 zai ƙone shi, in bai fara da kunnen mai shi ba.

Magani shi ne a yaudari ampilin. Mai gyara ya samo babbar rezistansi mai om 8, mai iya ɗaukar wat 100, ya ɗaure ta a farantin alminiyum, ta tsaya a matsayin lasifika. Daga gefenta ya ɗebo ɗan sauti kaɗan ta ƙananan rezistansi biyu, ya kai shi wani ƙaramin ampili na kaske. Ya kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya sa hannu cikin akwatin, don akwai wuta da ta wuce bolt 400 da ke iya kwanciya a ciki ko bayan an kashe.

Daren farko bai ji daɗi ba. Sautin ya fito da ƙara kamar zuma a gwangwani, domin ashe lasifikar gita tana tace siririn amon da ya haura kimanin hertz 5.000, aikin da ba a san tana yi ba sai ran da ba ta nan. Akwai akwatunan da ke kwaikwayon wannan, irin su Torpedo Captor na kamfanin Two Notes a Faransa, amma ga kuɗinsu, ga kuɗin kawowa. Mai gyara ya ƙara kondansato guda, abin ya yi dama-dama, ko da yake mai kunne ya san da saura.

Ƙarfin da aka hana zama ƙara kuwa zafi yake komawa. A watan Afrilu, farantin ba ya taɓuwa bayan rabin awa, ɗakin kuma kamar gidan burodi. Duk da haka, bayan lisha yakan kulle ƙofa ya zauna yana zufa, ba abin da ke fita waje sai ɗan ƙyas-ƙyas na tsirkiya. Liman ya taɓa tambayar dalilin da kuɗin wutar gidan ya ƙaru. Aka ce masa zafi ne.