Littattafan koyon soket, daga wanda ya koya babu sabis

1/ Masu turo min saƙo kan littafin da za su fara da shi wajen koyon soket, wato yadda manhaja ke magana da wata manhajar ta intanet, ga amsarku. Ku biyo ni 🧵

2/ Ni ɗan Birnin Gwari ne. Ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindigar daji. Ba kira, ba data, hanyar Kaduna kuma sai da addu'a. A wannan zaman na koyi soket, da littattafan da na riga na sauke.

3/ Shi ya sa ma'aunina biyu ne. Littafin ya yi amfani ko babu sabis, kuma ya gaya maka abin da zai faru in layi ya yanke ana tsaka da magana.

4/ Fara da Beej's Guide to Network Programming na Brian Hall. Tun 1995 yake intanet, kyauta ne, da yaren C. Zai nuna maka mai jira da mai kira: ɗaya ya yi bind(), listen(), accept(), ɗayan ya yi connect().

5/ Abin da ya sa nake ƙaunarsa: bai ɓoye maka cewa send() na iya tura rabin saƙonka ya tsaya ba, ragowar kai za ka sake turawa. In recv() ya dawo da 0 kuwa, wancan ɓangaren ya rufe. Wanda ya taɓa hawa tudu neman sabis zai gane wannan da wuri 😅

6/ In C ya yi maka nauyi, nemi Computer Networking: A Top-Down Approach na Kurose da Ross. Babi na 2 akwai misalan TCP da UDP da Python, gajeru, ka rubuta su a zama ɗaya.

7/ Babban yaya shi ne UNIX Network Programming na W. Richard Stevens. Ya fito 1990, bugu na uku 2003, bayan rasuwarsa a 1999. Shafi kusan dubu ne. Kar ka ce sai ka sauke shi kamar Ishiriniya, buɗe shi in ka maƙale.

8/ Gwaji ba ya cin data. Adireshin 127.0.0.1 kwamfutarka ce da kanta: buɗe taga biyu, su gaisa. Ba ka da kwamfuta? Termux a wayar Android ya isa.

9/ Daga nan jona waya biyu da Wi-Fi, ana cikin tura fayil ka kashe ɗaya. In manhajarka ta daskare tana jiran amsa har abada, koma ka karanta select() da sa wa'adin jira.

10/ Shawarata: sauke littafi ɗaya yau, tun da sauran sabis, ka gama shi kafin ka nemi na biyu. Allah Ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya. A tura wa mai buƙata 🙏