Abin da Kwanon Auduga Ya Koya Mini



A ƙauyen da na tashi ba a tambayar abin da kare zai ci. In an gama tuwon dare sai a kankare ƙanzo, a haɗa da ragowar miya, a zuba masa a tsohon kasko. Da rana yana bin mu gona, abin da ya kama nasa ne. Karnukanmu dogaye ne, sirara, masu jimiri, kuma ban taɓa ganin wanda yunwar yini ɗaya ta kayar ba. Da wannan ilimi na girma, da shi na kai shekara arba'in da ɗoriya, kuma da shi na kusa kashe 'yar kwikwiyar autarmu.

A wani watan Disamba ne wata dattijuwa a ikilisiyarmu ta kawo wa autarmu kyauta a cikin kwali. 'Yar kwikwiya ce fara sol, irin waɗanda ake kira Lhasa Apso, masu dogon gashi, waɗanda asalinsu daga Tibet ne, amma yanzu sun yawaita a gidajen Jos. Makonta takwas da haihuwa, nauyinta kilo ɗaya da rabi. Da na cire hulata na sa ta ciki, ta shige har da sauran wuri. Yarinyar ta raɗa mata suna Auduga. Ni kuwa na ce ba damuwa, kare ai kare ne, za ta ci abin da muka ci, safe da dare.

Kwana na biyar, ranar Lahadi, muka fita sujada da sassafe cikin sanyin hunturu. Na ba ta ɗan tuwo da daddare, da safe kuma gaggawa ta hana kowa tunawa da ita. Bayan sujada akwai taron dattawa, bayansa akwai gaisuwar mara lafiya. Sai wajen ƙarfe biyu muka dawo. Muka tarar da Auduga kwance a bayan ƙofa, jikinta yana rawa, ta yi sanyi, ta ɗaga kai ta kasa. Da aka tsayar da ita sai ta yi tangaɗi ta faɗi. Autarmu ta dube ni ta ce, "Baba, ta mutu ne?" Ba ni da amsa.

Maman yara ce ta buga wa wani likitan dabbobi waya. Ya ce a shafa mata zuma kaɗan a dasashi da yatsa, kada a ɗura mata komai a baki don kada ta shaƙe, a naɗe ta da tawul, a kawo ta nan take. Kafin mu isa wurinsa ta fara motsa wutsiya.

A nan na sha darasi na farko. Likitan ya bayyana mini cewa sukarin jininta ne ya faɗi. Ƙananan karnuka irin su Lhasa, Chihuahua, Pomeranian da Maltese suna ƙona abinci da sauri fiye da manya in aka kwatanta kilo da kilo, ga cikinsu ɗan mitsitsi, ga hantarsu ba ta iya ajiye sukari mai yawa a watannin farko. Sanyi da tsutsar ciki suna ƙara tsananta abin. Babban kare yana iya jiran dare, amma wannan ba za ta iya ba. Ya ce daga mako takwas zuwa wata uku a ba ta abinci sau huɗu a rana, daga wata uku zuwa shida sau uku, bayan nan sau biyu. Ya ce tuwo ba zai gina mata ƙashi da tsoka ba, a nemi abincin da aka haɗa musamman don ƙananan kwikwiyoyi, mai ƙananan ƙwayoyi da bakinta zai iya tauna. Ya kuma tambaye ni ko miyarmu tana da albasa. Na ce wace miya ce ba ta da albasa? Ya ce to a daina, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ne ko dafaffe. Ya lissafa mini cakulan, inabi, da dafaffen ƙashin kaza da ke tsagewa ya soki hanji. Madarar shanu ma, wadda nake ɗauka gata ce, ya ce gudawa take sa yawancinsu. Ya ba ta maganin tsutsa, ya rubuta mana ranakun allurar rigakafi, har da ta haukan kare in ta cika wata uku.

Na koma gida da kunya, da kuma alkawari a zuciyata cewa Auduga ba za ta ƙara jin yunwa a gidana ba. Ashe gudun gara na yi, na faɗa gidan zago.

Mun bi ƙa'idar lokaci, amma ba mu bi ta yawa ba. Kwanonta ba ya rabuwa da abinci. Ba wanda yake aunawa, kowa yana ɗiba da hannu. Ga shi gidanmu yana cikin harabar kwalejin tauhidi inda nake koyarwa, ƙofarmu kuma ba ta rufuwa. Ɗalibai suna shigowa neman littafi ko shawara, kowa da ɗan abin da ya riƙo, wannan ƙosai, wancan awara, wani guntun tsire. Auduga ta koyi zama a gaban mutum ta karkata kai, ta kafa masa ido. Ban san wanda ya taɓa jure wannan kallo ba. Wata shida ya wuce ba mu rage zuwa sau biyu ba. Ta kai wata tara, goma, lokacin da ƙananan karnuka suke gama girma, muna nan muna ba ta abincin kwikwiyo mai maiƙo, wanda aka yi don jikin da ke kan girma.

Kuma ba mu ga komai ba. Gashinta ya rufe ta tun daga kai har ƙafa. Baƙi suna cewa, "Kai, wannan karya tana jin daɗi!" mu kuwa muna murna, domin a wurinmu ƙiba shaidar kulawa ce. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Ta daina hawa matakalar baranda da gudu, muka ce ta girma ne, ta yi hankali. Tana haki bayan 'yar tafiya kaɗan, muka ce zafi ne. Sai ranar da ta fara ɗaga ƙafar baya tana ɗingishi, sannan muka koma wurin likita.

Ya ɗora ta a sikeli. Kilo takwas. Ya ce ga tsarin jikinta bai kamata ta wuce shida ba. Na yi dariya na ce, "Likita, kilo biyu kawai?" Ya ce, "Fasto, lissafa. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na nauyinta. Kamar mutum mai kilo 60 ne ya wayi gari yana da 80." Dariyar ta tsaya.

Sai ya kama hannuna ya ɗora a gefen ƙirjinta, ya ce in nemo haƙarƙarinta. Na lalluba, na danna, da ƙyar na ji. Ya ce in shafa bayan hannuna a buɗe, in ji yadda ƙasusuwan suke a ƙarƙashin fata. Haka ya kamata haƙarƙarin kare mai lafiya ya kasance, ana jin sa ba tare da dannawa ba, amma ba a ganin sa a tsaye kamar na mai yunwa. In ka dube shi daga sama a ga ƙugu ya ɗan shiga bayan haƙarƙari, in daga gefe ne a ga ciki ya ɗan ɗage sama. Likitocin dabbobi suna da ma'auni daga 1 zuwa 9, inda 4 da 5 su ne daidai. Auduga tana can sama. Ya ce ga kare mai gashi irin wannan ido ba ya aiki, sai hannu, ko kuma a dube ta lokacin wanka da gashin ya kwanta. Ƙoƙon gwiwa kuwa yana yawan gocewa a ƙananan karnuka, nauyi yana ƙara masa wahala, haka ma numfashi da zuciya.

Ya ba ni labarin wani bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 2002. An ɗauki karnuka 48 irin Labrador, aka raba su biyu-biyu, ɗaya yana cin kashi uku cikin huɗu na abin da ɗan'uwansa yake ci, aka bi su har ƙarshen rayuwarsu. Waɗanda aka rage wa abinci sun fi 'yan'uwansu daɗewa da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi kuma ya yi jinkirin kama su. Shekara biyu a rayuwar kare ba wasa ba ne.

A hanyar dawowa autarmu tana bayan mota rungume da Auduga. Can sai ta ce, "Baba, kai ne ka fi kowa ba ta." Na so in musa, amma gaskiya ta faɗa. Kullum in na dawo a makare, bayan aji da taro da ziyara, yara sun riga sun ci abinci, sai in zauna ni kaɗai da farantina. Auduga tana ƙarƙashin tebur, yarinyar tana gefe tana gyangyaɗi don ta jira ni. In yago nama in miƙa ƙasa, karyar ta yi tsalle, yarinyar ta yi dariya, ni kuma in ji kamar na biya bashin yinin. Ban taɓa fita yawo da su ba ko sau ɗaya. Guntun nama ya fi sauƙi a kan rabin awa, shi ya sa nake bayar da shi.

Daren nan muka yi taron iyali. Muka samo kwalba mai murfi. Kowace safiya ana auna abincin yini duka a sikelin kicin, gwargwadon abin da likita ya rubuta, a zuba a kwalbar. Daga ciki ake ba ta na safe da na yamma. Wanda yake so ya ba ta lada don ta yi biyayya, daga kwalbar zai ɗauka, ko ya ba ta ɗan yankan karas. Ƙa'idar ita ce abin marmari kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin yini. In kwalba ta ƙare, ta ƙare. Muka sauya ta zuwa abincin manyan karnuka a hankali cikin mako guda, ana ƙara sabon ana rage tsohon, don kada cikinta ya ɓaci. Ruwa mai tsabta kuwa yana nan kullum. Autarmu ta rubuta takarda da manyan baƙaƙe ta manna a ƙofa: "Don Allah kada a ba Auduga komai." Ɗalibai suka yi ta dariya, amma suka bi.

Likitan ya gargaɗe mu kada mu yi gaggawa. Ba a sa kare azumi don ya rame, balle kwikwiyon da bai gama girma ba. Abin da ake so shi ne ya riƙa sauke kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na nauyinsa a mako. Kowace Asabar sai in hau sikeli ni kaɗai, in sake hawa ɗauke da ita, autarmu ta cire wannan daga wancan ta rubuta a bayan kalanda. Wani makon ba a ga canji ba, wani makon gram ɗari. Makonnin farko sun yi wuya. Tana zama gabana da wannan kallo nata, hannuna yana kai wa faranti da kansa, sai in ji muryar yarinya, "Baba!" in janye.

Abin da ya fi kwalbar amfani shi ne yawon yamma. Na cire rabin awa daga jadawalina, ƙarfe biyar, na hana kowa taɓa shi. Ni da autarmu da Auduga muna zaga filin kwaleji. Da farko sai mun tsaya sau uku tana hutawa. A wannan yawo ne na ji sunayen ƙawayen 'yata, na ji cewa lissafi yana ba ta tsoro, na ji wata magana da wani yaro ya faɗa mata a makaranta wadda ta riƙe a ranta wata biyu ba ta gaya wa kowa ba. Ina gidan duk wannan lokaci, ban sani ba.

Na sha koyar da aya ta 10 a sura 12 ta Karin Magana, wadda take auna adalcin mutum da yadda yake kula da dabbarsa. A da ina ɗauka gargaɗi ne ga masu mugunta, masu dukan jaki da barin akuya da ƙishirwa. Ban san ta shafe ni ba. Sau biyu na cuci wannan halitta, kuma duka biyun ba da mugun nufi ba. Na farko na ba ta abin da na saba da shi, ban tambayi abin da take bukata ba. Na biyu na ba ta abin da ke kwantar mini da hankali, ban duba abin da yake yi mata ba. Kulawa tana bukatar sani, tana bukatar awo, wani lokaci kuma tana bukatar mutum ya ce a'a ga idon da yake ƙauna.

Yawancinku ba ku da kare, na sani. Amma kusan kowannenku akwai wanda ke hannunsa, ƙane ko ƙanwa, yaran ajin Lahadi, tsohuwa a gida, aboki da ya dogara gare ka. Ka tambayi kanka wannan mako, abin da nake ba shi, shi yake bukata, ko kuwa shi ne ya fi mini sauƙi? Ka ɗora hannu ka lalluba, kada ka tsaya ga abin da ido ya nuna maka.

Bayan wata shida Auduga ta sauko kilo shida da gram ɗari biyu. Ɗingishin ya ragu ƙwarai, tana hawa baranda da gudu. Har yanzu tana zuwa ƙarƙashin tebur in na zauna cin abinci, har yanzu tana karkata kai. Sai in shafa ta, in ji haƙarƙarinta a ƙarƙashin gashin, in ce mata ta jira ƙarfe biyar.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.